Tagogin Majami'ar Ormas

A zamanin Sarki Karniliyus, wanda ya fitar da ƙasar Waldar daga bin Paparoma ya ɗora ta kan sabon tafarkin da ake kira Furotesta, akwai wani ƙauye a bakin iyaka mai suna Ormas. Yana zaune ne a gindin mashigar duwatsu, hanya ɗaya tak da rundunar ƙasar Birsam za ta iya bi in ta nufo Waldar. Ormas ba shi da ganuwa. Abin da yake da shi majami'a ce.

Kakannin kakanni suka gina ta da baƙin dutse, a lokacin da hari ya fi girbi yawa. Kaurin bangonta ya isa ƙato ya kwanta a kai ya miƙe ƙafa. Ba ta da taga, sai 'yan tsagogi can sama waɗanda kibiya ke iya fita amma hannu ba ya shiga. Ƙofarta ɗaya ce, gajeriya, ko sarki sai ya sunkuya. Akwai rijiya a ƙarƙashin hasumiyarta, akwai kuma bene a sama inda kowane gida ke ajiye akwatin hatsinsa. In aka kaɗa ƙararrawar hari, mata da yara su shige, a saka sakata, maza su hau rufi. Ba a taɓa cire yaro ko ɗaya daga cikinta da ƙarfi ba.

Da sabon tafarki ya zo, aka shafe zane-zanen bango da farar ƙasa, aka fitar da siffofin waliyyai, aka ɗauke bagaden dutse da ake ibada a gabansa aka sa tebur na katako, aka kafa mumbari a tsakiya, aka jera bencina. Sai matsala ta taso. Sabon tafarki ya ce kowa ya karanta Littafi Mai Tsarki da idonsa, da harshensa, ga shi majami'ar ko da tsakar rana duhu ce. Sarki da kansa ya zo Ormas, ya sa aka fasa bangon kudu aka buɗe manyan tagogi uku, tun daga kusa da rufi har daidai ƙirjin mutum. Duwatsun da aka cire kuwa aka kai su kogi aka yi gada. Ranar da aka sa gilashi, Sarki ya ɗora hannu kan Littafi a gaban jama'a ya rantse: muddin yana numfashi dutse ba zai koma cikin tagogin nan ba, wanda duk ya mayar, za a karɓe ƙasarsa, a ɗauke magajinsa a kai fada.

Ana cikin haka hakimin Ormas ya rasu, ya bar matarsa Damaris da ɗa namiji, Sila, wanda bai wuce shekara huɗu ba, da jaririya a hannu. Ita ke riƙe wa yaron ƙasar, ana ce mata Magajiya. A ƙarƙashin tagar tsakiya ta koyi karatu, kuma tana son tagogin nan kamar kowa.

A ƙarshen kaka, fada ta cika. Sarki na bisa karaga, Waziri Nikodimu a damansa, Sarkin Yaƙi Bartalamawus a hagu, Babban Mai Wa'azi Afolos a gefe da baƙar rigarsa. Wani manzo ya shigo, taɓo har gwiwa, ya faɗi ya yi gaisuwa.

“Allah ya ja zamanin Sarki. Birsam ta taso. Sun ce za su mayar da ƙasar nan hannun Paparoma kafin dusar ƙanƙara ta rufe mashiga. Ba su jawo igwa ba, hanya ta yi musu ƙunci, amma dakaru da dawaki ba su ƙidayuwa.”

Sarki ya dubi Sarkin Yaƙi. Bartalamawus dattijo ne mai tabo a kumatu, ba ya iya yi wa magana ado. Ya ce, “Zaki, rundunarmu rabinta na gona. In na tara ta, a bakin babban kogi zan tara ta. In na raba ta na aika wasu Ormas, na rasa su na kuma rasa kogin.”

Damaris ta miƙe daga inda take durƙushe. Ita ma labarin ne ya kawo ta, ta baro Sila wajen kakarsa, ta taho da jaririyar. Ta ce, “Ran Sarki ya daɗe, ban zo roƙon dakaru ba, na san babu. Abu ɗaya na zo roƙo. A ba ni izini in toshe tagogin majami'a har yaƙin nan ya wuce. Ina da yara a ƙauyen nan fiye da yadda keken shanu zai kwashe, da masu ciki, da tsofaffin da ba sa iya takawa. In na fito da su fili, dawaki za su cim musu kafin su ga ganuwar birni. In na shigar da su majami'a yadda take yau, na tara wa maƙiyi su wuri ɗaya ne kawai.”

Afolos ya yi gyaran murya. “Magajiya, 'yata, na ji tausayinki. Amma tagogin nan ba na Ormas ba ne kaɗai. Ƙasashe sun ji labarinsu. In aka ce tun ba a harba kibiya ba Waldar ta koma duhu da hannunta, me za mu ce wa waɗanda aka ƙone saboda Littafin nan?”

Ta ce, “Malam, waɗanda aka ƙone sun zaɓa. Ɗan shekara biyu me ya zaɓa?”

Sai Waziri ya yi murmushi. Ya daɗe yana kwaɗayin Ormas saboda kuɗin fiton mashigar, kowa ya sani, ba dai mai faɗa. Ya ce, “Zaki, ni wata tambaya gare ni ƙarama. Magajiya, gaskiya ne abin da fatake ke faɗa, wai farar ƙasar bangon arewa ta ɓare, zanen fuskar Maryamu ya sake fitowa?”

“Gaskiya ne. Damshi ne. Bangon arewa kullum a jiƙe yake.”

“Damshi. To, kuma damshin ne ke kunna mata kyandir?”

“Tsofaffi biyu ne, Waziri, kuma na hana su.”

“Kin hana su, amma ba ki sake shafewa ba.” Ya juya wajen Sarki. “Zaki, ga ƙauye a bakin iyaka. Tsohuwar fuska ta fito a bangonsa, ana kunna mata wuta, rundunar tsohon tafarki ta taso, sai ga mai riƙon ƙauyen ta zo tana roƙon a mayar da majami'a yadda take a da. Ni ban ce komai ba. Na dai jera su ne.”

Sarkin Yaƙi ya ce, “Ka iya jeri, Waziri. Da haka ka iya jera dakaru da mun huta.” Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, Sarki bai yi ba.

Ba mugun sarki ba ne, amma ya san rabin hakimansa rantsuwarsa kawai ke riƙe da su a sabon tafarki. A ƙarshe ya ce, “Magajiya, mijinki amintaccena ne. Da bakina na rantse, a gabanki, a gaban mutanenki. In na warware wannan, gobe kowa ya warware tasa. Ki koma. Ki riƙe majami'a yadda take. Da mun gama da kogi, runduna za ta zo miki. Hukuncin da na faɗa ranar nan kuwa yana nan, bai tsufa ba.”

Ta sunkuya ta ce, “Na ji, ran Sarki ya daɗe.” Ta gyara wa jaririyar mayafi ta fita.

Da ta isa Ormas, hayaƙin ƙauyukan bayan dutse ya riga ya fara tashi. Ta tara mutane a farfajiyar majami'a, ta faɗa musu abin da aka yi a fada ba ragi. Sannan ta ce, “Zan toshe su. Laifin nawa ne ni kaɗai, ku shaida. Ba wanda zan tilasta wa ɗaukar dutse.”

Malam Timoti, mai wa'azin ƙauyen, saurayi ne siriri wanda ya koya wa rabin ƙauyen karatu. Ya ce, “Magajiya, ina wurin aka yi rantsuwar, ni na riƙe Littafin. Hannuna ba zai ɗauki dutse ba. Amma ba zan tsaya miki a hanya ba.”

Wani manomi ya ce, “To, wane dutsen ma? Namu yana ƙarƙashin gada. Kafin mu fasa wani a tsauni, Birsam na cin abinci a gidajenmu.”

Damaris ta juya ta dubi maƙabartar da ke kewaye da majami'a, inda kowane kabari ke da faffaɗan dutse a kansa, sassaƙaƙƙe, mai kusurwa huɗu. Mutane suka bi idonta. Wata mata ta rufe baki da hannu.

Inna Tabita, uwar marigayi hakimi, ta taso da sandarta, Sila na riƙe da bakin zanenta. Ta ce, “Ke yarinya, kin haukace ne? Kun shafe waliyyai na yi shiru. Kun fitar da bagade na yi shiru. Yanzu matattun ma ba za ku bari su kwanta ba?”

“Inna, ba su zan taɓa ba. Dutsen kawai.”

“In aka cire dutsen, wa zai san inda kowa yake? Ni idona ya tafi. Da hannu nake lalubo sunan ɗana.”

Damaris ta durƙusa a gabanta. “Inna, da nasa zan fara. Ba zan ce wa kowa ya cire na mahaifinsa ba alhali namu na tsaye.”

Tsohuwar ta laluba kan yaron, ta shafa gashinsa. Ta ce, “Kin san abin da za su yi miki? Kin san wanda za su ɗauka?”

“Na sani, Inna. Gara ya girma a fada ban gani ba, da in ga gawarsa a nan.”

Tsohuwar ta ce, “To ku kai ni wurin. In taɓa shi tukuna.”

Aka kai ta. Ta bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ja da baya. Maza huɗu suka sa ƙarfe suka ɗaga. Kowane gida ya nufi kabarin nasa. Aka cire gilashin a hankali aka jingine a bayan mumbari, domin Damaris ta ce kada a fasa, wata rana za a nema. Mata na kwaɓa farar ƙasa da yashi, maza na jera duwatsu, sunaye na fuskantar ciki don kada kibiya ta taɓa su. Haske ya riƙa raguwa a majami'ar kaɗan-kaɗan. Malam Timoti bai ɗauki dutse ba, amma shi ya yi ta jan ruwa a rijiya har tafinsa ya fashe.

Sai dai sanyi ya riga ya sauka, kwaɓin ya ƙi bushewa. Mai gini ya danna yatsa a tsakanin duwatsun tagar tsakiya, yatsan ya nutse. Damaris ta gani. Ta sa aka hau da yara duka benen hatsi, da tulunan ruwa da barguna da tukwanen bayan gida, ta sa manyan 'yan mata su kula da ƙanana, ta ce in an ji ƙara a janye tsani sama, kada a sauko da shi ko da muryarta aka ji. Bencina kuwa aka tara su a bayan tagogin aka tokare.

Da hantsi rundunar Birsam ta gangaro. Sun zo da labarin majami'a mai manyan tagogi, sai suka tarar da bango. Shugabansu ya zagaya bisa doki, ya ga sabon gini, ya gane. Ya sa aka sare babban itace, aka ɗaure masa igiyoyi, dakaru suka ɗauka ƙarƙashin garkuwoyi suna dukan sabon ginin da shi. Maza daga kan rufi suka yi ta zubo musu duwatsu da tafasasshen ruwa, na gaba su faɗi, na baya su karɓi igiya. Tagar gabas ta jure. Ta yamma ta tsage amma ba ta faɗi ba. Suka koma ta tsakiya.

A ciki, kowane bugu sai ƙura ta zubo daga rufi. Daga bene ana jin kukan yara, ana kuma jin wata yarinya na rera musu waƙar da suka koya a wurin Malam. Damaris na tsaye da gatarin faskare a hannu, nononta na zuba don jaririyar ba ta sha ba tun safe.

Bayan azahar tagar tsakiya ta buɗe daga sama. Duwatsu suka rikito kan bencina, haske ya faɗo ciki, kai da mashi suka biyo baya. Ramin bai fi mutum biyu su shigo a jere ba, nan ne aka yi yaƙin Ormas. Manoma da lauje da manyan cokula masu yatsu na kwasar ciyawa suka cika wurin. Malam Timoti ya haye kan tarin bencina da sandar sakata, ya tsaya a bakin ramin. Bai iya faɗa ba, kowa ya ga haka, amma jikinsa ya toshe wurin har maza suka sauko daga rufi. Da aka janye shi, mashi biyu ne a jikinsa. Maza da yawa suka bi shi lahira a yinin nan, har da mai ginin da 'ya'yansa biyu.

Wajen la'asar sama ta yi baƙi, dusar ƙanƙara ta fara sauka, manya-manya, ba iska. Shugaban Birsam ya ɗaga kai ya dubi mashiga. Ya san in ta rufe a bayansa, rundunarsa za ta ci sanyi a ƙasar maƙiyi ba abinci. Aka busa ƙaho. Suka cinna wa gidajen ƙauyen wuta, suka juya.

Da aka sauko da tsani, Damaris ta tsaya a gindinsa, tana karɓar yara ɗaya-ɗaya, tana kiran sunan kowa da na uwarsa. Ba wanda ya ɓace. Waɗansu dai sun sauko sun tarar ba uba.

Aka binne matattu a maƙabartar da aka kwashe wa duwatsu, aka kafa musu itace. Kwanaki kaɗan bayan haka tutocin Waldar suka bayyana a kan hanya. Sarkin Yaƙi ne a gaba da 'yan dawaki kaɗan. Ya sauka, ya zagaya majami'ar shi kaɗai, ya daɗe a gaban bangon kudu. Sannan ya sa aka kira Magajiya gefe.

Ya ce, “'Yata, ba a yi yaƙi a kogi ba. Ku kuka yi shi a nan. Zan faɗa wa Sarki haka, ko ya so ko ya ƙi. Amma wakilin Waziri na bayana da keken doki, gobe zai iso, kuma idonsa zai gani ya kai labari. Ina da maza. Ki ce kawai, mu rushe ginin nan yau, mu mayar da duwatsu kan kaburbura, mu sa gilashi. Ni tsoho ne, ban ga komai ba. Mutanenki kuwa ba za su tona ki ba.”

Damaris ta dubi ƙonannun gidaje, ta dubi ƙofar majami'a inda yara ke leƙowa, domin yanzu duk ƙauyen a ciki yake kwana. Ta ce, “Baba, in ƙanƙara ta narke, za su dawo?”

Ya ce, “Za su dawo.”

“Sarki zai ajiye mini runduna a nan?”

“Ba zai iya ba.”

“In aka rushe yau, sanyi ba zai bar wani kwaɓin ya kama ba sai bazara. Wannan ya fara kamawa. Wanda za a ba ƙasar, ko wane ne, ba zai yi garajen buɗe su ba in ya ga abin da ya faru. A bar su, Baba.”

Sarkin Yaƙi ya cire hularsa ta ƙarfe ya riƙe a hannu. Ya ce, “To, ba zan bari wakilin Waziri ya ɗauke Sila ba. Ni zan kai shi da kaina, yau, kuma a gidana zai zauna in Sarki ya yarda.”

Ta shiga ta fito da Sila. Ta sa masa riga biyu, ta naɗe masa wuya da mayafinta, ta ɗaure masa ƙullin gurasa da cuku. Inna Tabita ta ƙi fitowa, ana jin kukanta daga ciki. Damaris ta miƙa ƙullin ga dattijon, tana magana da sauri, ba ta kallon yaron.

“Yana tari in ƙafarsa ta jiƙe, a riƙa duba takalminsa. Ba ya shan madara da sanyi, sai an ɗumama. In ya yi fitsarin kwance kada a dake shi, tsoro ne, zai bari. Ba ya faɗa in yana jin yunwa, sai an tambaye shi.”

Yaron ya ja rigarta. “Umma, ke a wane dokin za ki hau?”

Ta durƙusa ta gyara masa igiyar takalmi, wadda ba ta kwance ba. Ta ce, “Kai za ka fara yin gaba, Babana. Ka riƙe Baba da kyau, kada ka saki.”

Sarkin Yaƙi ya ɗora shi a gabansa, ya lulluɓe shi da alkyabbarsa. Dawaki suka juya. Yaron ya yi ta leƙowa ta ƙarƙashin hannun dattijon har suka sha kwanar gada.

Damaris ta tsaya a cikin ƙanƙara har wani daga cikin mazan da suka rage ya matso, ya tsaya nesa kaɗan, ya ce, “Magajiya, ramin tagar tsakiya fa? Duwatsun da suka faɗo wasu sun farfashe.”

Ta share fuska da bayan hannu. Ta ce, “Akwai sauran kaburbura a bayan hasumiya da ba a taɓa ba. Ku tambayi masu su tukuna. A hura wuta kusa da bangon, ko kwaɓin zai kama.”